Daga Bichi Zuwa Bakin Watari: Tarihin Ƙasar da Manoma Suka Ƙawata

A farkon watan Fabrairun 1851 wani Bature ɗan ƙasar Jamus ya biyo hanyar Katsina ya nufi Kano, a gajiye, guzurinsa ya kusa ƙarewa. Sunansa Heinrich Barth, amma a ƙasar Hausa da Abdulkarim aka san shi. Ya ƙetaro Sahara, ya gangaro daga Azbin tare da ayarin gishiri, sannan ya sha jinkiri a Katsina kan maganar gaisuwar sarki. Da ya wuce Kusada ya shigo ƙasar Kano sai ransa ya yi fari. A littafin tafiyarsa ya yabi wannan yanki yabo mai yawa: gonaki sun haɗe da juna, manyan itatuwa sun yi musu inuwa, shanu na kiwo, mata na sayar da abinci a bakin hanya. Sai ga ganuwar Bichi ta bayyana, doguwa, gyararriya, a tsakiyar itatuwa masu duhu. Ya kuma lura da cewa akwai Buzaye zaune a garin suna noma. Ranar 2 ga wata ya shiga birnin Kano, a zamanin Sarki Usman.

Hanyar da ya bi ita ce, kusan daidai, titin Katsina na yau. Matafiyin zamani kan bar Kano ta Dawanau, inda tireloli ke lodin riɗi da wake da zoɓo, ya yi tafiyar kimanin kilomita 40 ya isa Bichi, daga nan ya karya hagu ya ɗauki titin Bagwai. Ba da jimawa ba zai hango ruwa shimfiɗe a inda bai yi tsammani ba. Madatsar Watari ke nan, wadda mutanen wurin suka fi kira dam ɗin Bagwai.

Baƙo daga birni yakan ce ya fito shan iska a daji. A gaskiya babu daji a nan, kuma an daɗe rabon wurin da shi. Duk abin da ido ke sha'awa tsakanin Bichi da Bagwai aikin hannun mutane ne, tun daga bishiyar da ke tsakiyar gona har zuwa tafkin kansa.

A fara da itatuwan. Manomin wannan yanki ba ya barin bishiya a gonarsa sai don dalili. Ɗorawa tana ba da kalwa ta daddawa da garin da yara ke lasa. Kuka tana ba da miya da igiya. Tsamiya ta kunu ce, kanya da ɗinya na 'ya'ya, rimi na inuwa da audugar matashi. Gawo kuwa shi ne babban aminin manomi, domin halinsa ya saɓa wa na sauran: da damina, lokacin da gero ke son rana, sai ya kakkaɓe ganyensa ya tsaya tsirara, da rani, lokacin da ciyawa ta ƙare, sai ya yi kore shar ya zubo wa dabbobi 'ya'ya. Dabbobin da ke fakewa a ƙarƙashinsa su bar masa taki, shi ya sa hatsin gindin gawo yakan fi na kewaye tsayi da duhu. Kowace bishiya a nan tana da mai ita, kuma ɗorawa mai kyau dukiya ce da ake lissafawa a rabon gado. Darbejiyar da ta cika bakin titi da ƙofofin gidaje baƙuwa ce, a zamanin Turawa aka shigo da ita daga nahiyar Asiya.

A cikin shekarun 1960 wani malamin labarin ƙasa ɗan Ingila, Michael Mortimore, ya zauna ya yi nazarin karkarar da ta kewaye Kano. Abin da ya ba masana mamaki shi ne ɗaruruwan mutane na rayuwa a kan kowace murabba'in kilomita, ana noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, amma ƙasar ba ta mutu ba. Sirrin ba ɓoyayye ba ne ga ɗan ƙauye. Da damina ana ɗaure awaki da tumaki a turke, a yanko musu ciyawa. Da rani a kwashe takin turken da tokar murhu da sharar gida, a kai gona a mangala, a jibge shi tsibi-tsibi kafin ruwan shuka. A wancan lokacin ƙauyukan da ke kusa da birni har jakuna sukan kora da itace zuwa Kano, su komo da takin bola. Ana shuka gero da dawa, a sa wake da gyaɗa a tsakani, harawar ta koma wa dabba, karan ya zama danga da makamashi. Wanda ya zo a watan Afrilu ya ga waɗannan tsibin taki a jere cikin gonakin da aka share, ya ga dabarar da ta ciyar da birnin Kano ɗaruruwan shekaru.

Ganuwar da Barth ya gani ba don ado aka yi ta ba. Arewacin ƙasar Kano bakin daga ne a ƙarni na 19. Bayan jihadi, Ɗantunku ya yi tawaye daga wajen Kazaure, Sarki Ibrahim Dabo, wanda ya hau a 1819, ya shafe shekaru yana fama da shi. Maraɗawa, zuriyar sarakunan Katsina na Haɓe, ba su daina kai hari kudu ba. A ƙarshen ƙarnin kuma dakarun Damagaram suka kutso har Tattarawa, a ƙasar Dawakin Tofa, suka gwabza da Sarki Alu. Manomi yakan fita gona da kunne a buɗe, in an buga kuge ya kora dabbobinsa cikin gari. Yau ganuwar yawancin waɗannan garuruwa ta zube, an ɗebi ƙasarta an yi gini, sai dai tsoho ya nuna wa mai tambaya wani tudu ko kududdufi ya ce nan ta bi. Abin takaici ne yadda ba a damu da adana ko ɗan guntunta ba, domin da ita yaro zai gane dalilin da ya sa tsofaffin unguwanni suka cunkushe wuri ɗaya, lunguna suka yi ƙunci.

Turawa sun ci Kano a watan Fabrairun 1903. Ɗaya daga cikin manyan canje-canjen da suka kawo shi ne fitar da hakimai daga birni zuwa gundumomi, kowa ya zauna a ƙasar da yake karɓar harajinta. A nan darajar Bichi ta ƙaru. Ciroman Kano Abdullahi Bayero ya riƙe ta kafin ya zama sarki a 1926, ɗansa Muhammadu Sanusi shi ma ya riƙe ta yana Ciroma kafin ya hau gadon a 1953. Garin da ya reni sarakuna biyu a jere ba ƙaramin gari ba ne a idon Kanawa.

Amma abin da ya fi sauya rayuwar talaka shi ne gyaɗa. Jirgin ƙasa ya fara jigila daga Kano a 1912. Turawa sun sa ran auduga za a noma musu, manoma kuwa suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa, wadda jigawar arewacin Kano ta karɓa hannu bibbiyu. Attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka baza yaransu a kasuwannin ƙauye da sikeli da buhuna. Jaki da raƙumi suka riƙa kai kaya birni, daga baya manyan motoci suka karɓe su, buhunan suka zama dalar gyaɗar da ake buga hotonta a littattafan makaranta. Kuɗin gyaɗa ne ya biya haraji, ya sayi keke da kwanon rufi, ya yi aure, ya kai wasu Makka.

Kasuwar ƙauye ta girmi duk waɗannan, kuma ita ce abin kallo na farko ga duk wanda ya zo yankin. Kowace tana da ranarta, an tsara su yadda ɗan kasuwa zai ci wannan yau ya ci waccan gobe: Dambatta ranar Lahadi, sauran kuma kowace da tata. A Badume, bakin titin Katsina cikin ƙasar Bichi, kayan gwari ne ke mulki. Tun da sanyin safiya kwandunan tumatir ke sauka daga a-kori-kura da bayan babur, an rufe bakinsu da ganye, ga buhunan albasa, ga tattasai da attaruhu. Dillali ya ɗaga murfin kwando, ya cusa hannu ya zaƙulo na ƙasa don mai saye ya tabbatar ba a yi masa fuska ba. Mai saye ya taya. Manomi ya kau da kai ya ce, "Albarka." Dillali ya matso ya rage murya: "Haba Baba, a duba dai, baƙo ne daga nesa." A ƙara wani abu, a yi shiru, can sai a ji, "Na sallama, Allah ya sa da albarka." Dillali ya karɓi la'adarsa, 'yan dako su sunkuci kwando. Kafin azahar kayan da aka tsinka jiya da yamma sun kama hanyar Kano, wasu ma har Kudu.

Can gefe ga kara, inda ake duba haƙoran sa ana latsa gadon bayan rago. Ga rumfar mahauta da ƙamshin tsire da balangu, ga 'yan matan Fulani da ƙoren nono da fura, ga maƙera da garma da lauje, ga masu tukwane, ga mai magani da lasifika. Awon hatsi da kwano ake yi, a cika shi ya yi tozo, mai saye ya nemi gyara. Wanda ya zauna a rumfar mai shayi na awa guda zai ji farashin taki, da labarin ruwan bana, da wanda ya aurar da 'ya, da siyasar ƙaramar hukuma, ba tare da ya tambayi kowa ba.

Ruwan kuwa labarinsa na baya-bayan nan ne. Watari asalinsa kogin yashi ne irin na ƙasar Hausa: da damina ya cika ya yi toroƙo ya hana ƙetarawa, da rani ya ƙafe sai an tona yashi a samu na sha. Yana gangarawa kudu maso gabas, ya bi ta gefen sabuwar harabar Jami'ar Bayero, ya faɗa kogin Challawa. Noman rani a da sai ɗan abin da aka yi a fadama da jigo da guga. Da an gama girbi samari su ɗaure kaya su tafi cin rani.

An ƙirƙiri Jihar Kano a watan Mayun 1967, aka ba Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Baƙo riƙonta. Mutum ne da ya yi imani cewa arzikin Kano yana cikin tare ruwan da ke wucewa a banza. Ya gina madatsar Bagauda, ya fara ta Tiga a 1971 aka gama a 1974. Ana cikin aikin sai farin 1972 zuwa 1974 ya auko, gero ya bushe a tsaye, dabbobi suka yi ta faɗuwa, mutane suka kwararo daga arewa suna neman abinci. Wanda duk ke ganin madatsun almubazzaranci ne ya yi shiru. Cutar da ta kama gyaɗa a 1975 ta ƙarasa abin da fari ya bari, dalar gyaɗa ta ɓace daga Kano. An sauke Audu Baƙo a juyin mulkin Yulin 1975, amma shirin bai tsaya ba. Aka yi madatsun Tomas da Jakara da Gari, aka gina ta Watari tsakanin 1977 da 1980, mai ɗaukar ruwa fiye da kubik mita miliyan 100.

Akwai bambanci ɗaya da ya kamata a lura da shi. A kudancin jihar, Audu Baƙo ya haɗa ruwa da shaƙatawa: ya gina otal a bakin tafkin Bagauda, wanda yanzu ya koma makarantar horar da lauyoyi, aka yi otal ɗin Rock Castle a Tiga, ga gidan zu a birni, ga dajin Falgore. Watari ba ta samu wannan gata ba. Madatsar aiki ce, an yi ta don noma, daga baya kuma don sha, tun da a zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau aka gina matatar da aka tsara ta tace lita miliyan 75 a rana don birnin Kano da garuruwan hanya.

A ƙasan madatsar, inda magudanai ke rarraba ruwa, rani ya daina zama lokacin zaman banza. A watan Janairu, lokacin da gonakin tudu suka zama kara da ƙura, nan kore ne iya ganin ido: tumatir, albasa, masara, alkama, shinkafa, kabeji. Manomi na tsaye da fartanya a bakin magudana yana buɗe wa ruwa hanya, in wannan fala ta sha ya toshe da laka ya buɗe ta gaba. Yara na korar tsuntsaye, injin ban ruwa na ƙara a inda magudana ba ta kai ba. Wahalar ma tana nan: taki ya yi tsada, laka da kacalla suna cushe hanyoyin ruwa, ranar da tumatir ya yi yawa kwando ba ya mayar da kuɗin mota, a 2016 kuma tsutsar tumatir ta cinye gonaki a faɗin jihar. A 'yan shekarun nan an yi aikin gyaran madatsar da magudananta ƙarƙashin shirin bunƙasa noma da kiwo na jihar, wanda Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ya tallafa wa.

A saman madatsar kuma masunta ne. Da asuba sukan tura kwale-kwale su duba komar da suka kafa jiya, wasu su yi jifan birgi, wasu su bi ƙugiyoyinsu, su fito da karfasa da tarwaɗa. Mata na jira a gaɓa da kwanoni, kafin hantsi an fara suya. Sarkin ruwa ne ke sasanta rikicin wurin su, shi ake nema in wani abu ya faru a ruwa. Da hunturu tsuntsaye kan cika bakin tafkin, belbela da zalɓe da kirinjijiya, har da baƙin da ke gudo sanyin Turai su yi watanni a nan. Da yamma garken Fulani ya gangaro shan ruwa. Waɗannan su ne abubuwan da ke jawo 'yan makaranta da malamansu, da samarin da ke haɗa kuɗin mota da Sallah su zo su ci kifi su ɗauki hoto. Mai son motsa jiki zai iya taka ƙafa a kan bangon madatsar, ko ya bi hanyoyin gona a keke ta ƙauyukan Bagwai irin su Kiyawa da Gadanya da Romo. Da kaka, bayan an kai amfani gida, akan ci karo da dambe ko kokawa a dandalin wani gari. Wanka ne dai ba a ba baƙo shawara ba, saboda zurfi da kuma tsargiya, wadda ke yawan samun yaran da ke wasa a ruwan kwance. Ladabin wurin kuma sananne ne: a fara gaida mai gari, a yi sallama kafin a ratsa gonar mutum, a nemi izini kafin a ɗauki hoton kowa.

Bichi ta ƙara samun 'yan kallo na ɗan lokaci. A watan Mayun 2019 gwamnatin Abdullahi Ganduje ta ƙirƙiri sababbin masarautu huɗu, Bichi na ciki, ƙasar Bagwai ta faɗo ƙarƙashinta. Aminu Ado Bayero ne sarki na farko, da ya zama Sarkin Kano a Maris 2020 ƙaninsa Nasiru ya gaje shi. Hawan Sallah ya riƙa tara dawakai da jama'a a garin, har zuwa Mayun 2024 da gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe masarautun.

Irin wannan haɗuwa ta garin kasuwa da madatsar da ke shayar da babban birni ba a Kano kaɗai take ba. A yankin Wales na Birtaniya akwai wani ɗan gari mai suna Rhayader, tsohuwar kasuwar tumaki da shanu. A kwarin Elan da ke kusa da shi aka gina madatsu don birnin Birmingham, aka buɗe su a 1904, ruwan na gangarawa da kansa tafiyar fiye da kilomita 100. An tashi mutanen kwarin, ruwa ya rufe gidajensu da wurin ibadarsu da makarantarsu. Yau garin yana cin abinci daga masu zuwa yawon ƙafa da hawan keke da kallon tsuntsaye. Abin da ya ba su damar haka ba wani abin mamaki ba ne: hanyoyi masu alama, gadoji, wurin da baƙo zai tambaya a ba shi bayani, da dokar da ake bi a kan ruwa.

A Watari rashin wannan na ƙarshen shi ne ciwon. Tafkin da ya raya gonakin ƙasan madatsar ya raba wasu ƙauyuka da garin Bagwai. Mutumin Badau da kakansa ke taka yashi ya isa kasuwa da rani, yanzu ko dai ya yi dogon zagaye ta tudu ko ya shiga jirgin ruwa. Abin da baƙo ke hawa don nishaɗi, shi ne motar asibiti da ta kasuwa da ta biki ga mutanen hayi. A 2008 jirgi ya kife da 'yan rakiyar amarya, aka yi asarar rayuka da dama. Ranar 30 ga Nuwamban 2021, da yamma, wani jirgin ya taso daga Badau ɗauke da fasinjoji fiye da ƙarfinsa, yawancinsu ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Mauludi. Ya nitse a tsakiyar ruwa. Masunta da 'yan kwana-kwana suka yi ta lalube har washegari da bayanta, aka tabbatar da mutuwar aƙalla mutum 29, mafi yawansu yara.

Gwamnatin jiha ta dakatar da sufurin jiragen a madatsar, ta kafa kwamitin bincike. Matakin ya dace da zafin lokacin, amma bai ɗauke ruwan daga tsakanin mutane da buƙatunsu ba: mai naƙuda tana hayi, asibiti yana Bagwai, manomi da buhunsa yana wannan gaɓa, kasuwa tana waccan. Duk mai shirin mayar da Watari wurin yawon buɗe ido, kuma wurin ya cancanci haka, daga mashigin Badau ya kamata ya fara: jirage masu ƙwari, rigar ruwa ga kowane fasinja babba da yaro, mutum a bakin gaɓa da ke ƙirga masu shiga yana da ikon cewa ya isa, hana tashi bayan magariba, da hanyar mota mai kyau ga ƙauyukan hayi wadda za ta yi aiki rani da damina.